Amsoshin Tambayoyinku: Igiyar Maganaɗisu

Wata ɗaliba daga Zariya ta aiko da tambaya: shin akwai hanyar da za a hana waya da kwamfuta yin zafi?

To malama, zafin nan daga wutar lantarki yake. Idan tana gudu cikin wayoyin na'urar tana cin karo da ƙarfe, sai zafi ya tashi, batir ya ƙare. Don rage wannan zafi, masana na gwada igiyar maganaɗisu, wadda Felix Bloch ya bayyana a 1930. Igiyar maganaɗisu saƙo kawai take kaiwa, ba tare da lantarki ya gudu ba. A wasu sinadarai na musamman, igiyar takan bi gefe-gefe, ta fuska ɗaya, ba ta komawa baya. Har yanzu dai aikin yana ɗakin bincike.