A Ina Yis Ke Fara Karatu?

'Yan uwa ɗalibai, a darasin bayoloji an koya mana cewa haɗa furotin yana farawa ne daga haruffa uku, AUG. Haka ne, kuma haka za mu rubuta a jarrabawa. Amma yis, wanda ake kumbura burodi da fanke da shi, ya nuna wa masana cewa da sauran magana.

Tun 1996 aka gama karanta DNA ɗin yis kaf: haruffa kusan miliyan 12, ɗauke da umarnin haɗa furotin wajen iri 6,000. Sai dai samun rubutu daban, sanin inda za a fara karanta shi daban. Ribosom, injin da ke haɗa furotin, yana bin saƙon RNA ne yana karanta haruffa uku-uku. In ya zame da harafi ɗaya tun daga farko, duk abin da ya biyo baya ya zama shirme.

To, ta yaya za mu kama shi a inda ya fara? A 2009, Nicholas Ingolia da abokan aikinsa a Amurka suka fito da dabara. Ribosom yana rufe haruffa kamar 28 a inda yake zaune. Sai a zuba sinadarin da ke cinye duk RNA da ke fili, a karanta guntayen da suka tsira. Sawunsa ke nan. Daga baya aka haɗa da wani magani, lactimidomycin, mai riƙe ribosom a mafari, waɗanda suka riga suka yi nisa kuma su wuce abinsu. Inda sawu ya taru, nan ne mafari.

Abin da ya fi burge mu shi ne ALA1. Umarni ɗaya ne, amma mafarinsa biyu. In aka fara daga AUG, furotin ɗin ya zauna cikin ruwan ƙwayar halitta. In aka fara can baya kaɗan, daga ACG, sai ya fito da ƙarin tsawo, kuma wannan ƙarin shi ne adireshin da ke kai shi mitokondiriya, gidan wutar ƙwayar. Kwamfutar da aka ce ta nemi AUG kaɗai ba za ta taɓa ganin wannan ba.

Ashe ba shi kaɗai ba ne. A 2020, masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka bi yis da wannan dabara, suka samu irinsa guda 149.