Gashinki Ba Tauri Gare Shi Ba, Ƙishirwa Yake Ji

Mata da yawa da ke zama a gabana don kitso, kukansu ɗaya ne: gashin ya cika tauri, ba ya tsawo, a sa musu rilaksa su huta. Kafin a kai ga haka, ya kamata mace ta fara sanin irin gashin da Allah Ya ba ta.

Ki wanke kai, kada ki shafa komai, ki bar shi ya bushe da kansa. Sai ki ciri sili ɗaya ki ɗora a kan farar takarda. Andre Walker, tsohon mai gyaran gashin Oprah Winfrey a Amurka, ya kasa gashi gida huɗu a littafinsa na 1997: miƙaƙƙe, da mai ɗan lanƙwasa, da mai manyan zobba, da mai ƙananan murɗe-murɗe. Yawancinmu a na huɗun muke, shi ma kuma iri-iri ne. Idan silin ya naɗe ya yi ƙananan zobba da ake gani sarai, 4A ke nan. Idan yana karyewa zuwa nan da can, 4B. Wanda ya dunƙule har ba a gane tsarinsa, ya kuma koma gajere sosai da zarar ya bushe, shi ake kira 4C. Kuma kai ɗaya yakan ɗauki iri biyu. Sau da yawa gashin ƙeya ya fi na tsakiyar kai laushi.

Ramin da gashinmu ke fitowa a lanƙwashe yake, shi ya sa silin ke murɗewa. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana gangarowa cikin sauƙi a kan miƙaƙƙen gashi, amma a namu sai ya maƙale a hanya, bakin gashin ya zauna a bushe. Kowace lanƙwasa kuma wurin karyewa ce. Gashin yana fitowa kusan santimita ɗaya a wata, amma yana kakkaryewa daga baki, sai ki ga kamar ya tsaya cak.

Saboda haka ruwa ne farko, mai ya biyo baya. Man kaɗanya ko man kwakwa ba ya jiƙa gashi, danshin da ya tarar yake tsarewa. Mai lafta shi a kan busasshen kai ta yi asarar mai kawai. Karkashin da iyayenmu ke wanke kai da shi, yauƙinsa ne ke warware cukurkuɗewa. Ki taje kai yana da ɗan danshi, kashi-kashi, da yatsu ko mataji mai manyan haƙora, daga baki ki hau zuwa tushe. Da hunturu ki ƙara yawan yayyafa ruwa. Ɗankwalin auduga yana tsotse danshi, gara ki kwana da ɗankwali mai santsi, kuma kada ki rufe jiƙaƙƙen kai da hijabi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kitson da ake ja da ƙarfi. Nakan tsefe kan yarinya ƙarama in tarar da ƙananan ƙuraje jere a gaban goshi, gashin wurin ya fara cinyewa. Idan aka sassauta da wuri yana dawowa, amma in aka daɗe ana ja, ramin gashin yakan mutu. Shuku ko kalaba da ya hana barci, ko ya jawo ciwon kai, a tsefe shi a ranar, ko nawa aka biya. Wadda gaban kanta ya riga ya zube ta je wurin likitan fata kafin ta sayi wani mai a kasuwa.