Mai Zanen Gini da Mutanen Unguwa

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan yaranmu ne masu koyon zanen gini, da malamansu, da mu da za mu biya kuɗin abin da suka zana.

Tun shekarar 1955 ake koyar da wannan sana'a a Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yaro yakan fito daga Samaru da takarda mai kyau. Amma takarda ba ta ɗaukar ƙasa a ka, ba ta kuwa sayen azara. In jama'a ba su yarda ba, ginin zai tsaya a rabi, damina ta same shi ba rufi.

Sai mu shiga cikin birni mu duba Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Azara ba ta iya ƙetare ɗaki mai faɗi, domin haka ya ɗaura bakan gizo a kan ginshiƙai har rufin ya tsaya. Gwani ne ƙwarai. Duk da haka mutum ɗaya ne ya sa shi aiki, shi ne kuma ya kawo ma'aikata da abinci. Ɗalibin yau kuwa iyayen gidansa suna da yawa: mai unguwa, da dattawa, da mata, da masu ba da kuɗi. Kowa sai an shawo kansa.

To, yaya za a koya masa? Kafin ya taɓa fensir, a aike shi ta Ƙofar Doka ya je ya gai da mai unguwa, ya tuɓe takalmi, ya zauna a zaure ya yi shiru. A nan zai ji abin da ba ya cikin littafi: inda ruwa yake kwanciya a watan Agusta, da bangon da ake gardama a kansa, da dalilin da ya sa taga ba ta duban cikin gidan maƙwabci. Indararo ɗaya da ya zubar da ruwa a gindin bangon wani ya isa ya tsai da aiki duka. Ta bakin wata dattijuwa kuma ya nemi ra'ayin mata, gama su ne suke wuni a gidan.

Sa'an nan kada ya buɗe wa tsofaffi takarda mai layi-layi, su ce "madalla" don kunya alhali ba su gane ba. Ya gina ɗan ƙaramin kwatanci da yumɓu, su taɓa, su ce a matsar da ƙofa. Wanda ya matsar da ƙofa da hannunsa ba ya ƙin ba da gudummawa.

Zancen kuɗi shi ne inda yaranmu suka fi jin nauyin baki, mu ma iyayensu haka. A koya masa ya raba lissafi kashi-kashi: harsashi, bango, rufi. Ya rubuta gayya a cikin lissafin, domin mai kawo tubali da mai ɗebo ruwa su ga sunansu kusa da na attajiri. Kada a fara bangon ƙasa sai kuɗin rufi yana hannu. Ya kuma faɗi gaskiya a kan gyara: soron ƙasa yana da sanyi, amma yana neman yaɓe da makuba a kai a kai. Wa zai yi? Rashin amsar wannan tambaya ya kori mutane da yawa zuwa siminti da kwano. Masallacin Babban Gwani kansa, a shekarun 1970 an kewaye shi da sabon gini.

Majami'ar Wusasa, wadda aka gina da ƙasa a 1929, shaida ce a kusa da mu: ta daɗe ne domin an sami masu gyara ta. In ɗalibi ya zo muku da zanen ɗakin sujada ko na makaranta, ku tambaye shi wa ya gaisar, nawa ne rufin, wa kuma zai hau soro bayan shekara biyar.