Bangaskiyar da Ba Ta Gindaya wa Allah Sharaɗi: Tunawa da Rabaran Lawan Andimi

Karatu: Daniyel 3:13-18, Ayyukan Manzanni 12:1-11
Ayar haddacewa: Ibraniyawa 13:7

Ayar haddacewarmu ta umarce mu mu riƙa tunawa da shugabannin da suka koya mana Maganar Allah, mu dubi yadda suka gama tafiyarsu, mu kuma yi koyi da bangaskiyarsu. Yau za mu yi biyayya da wannan umarni ta wurin duban rayuwar wani bawan Allah na zamaninmu.

Rabaran Lawan Andimi fasto ne na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, kuma shugaban ƙungiyar CAN na ƙaramar hukumar Michika a jihar Adamawa. Ikkilisiyarsa ta san wahala. A 2014 Boko Haram suka kama Michika, suka kuma mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi, kusa da Mubi. A irin wannan wuri ne ya ci gaba da kiwon tumakin Ubangiji. A farkon Janairu 2020 'yan bindiga suka sake kai hari Michika, suka tafi da shi. Ranar 20 ga Janairu 2020 suka kashe shi.

1. Abin da ya faɗa yana hannun maƙiya

Kwanaki kaɗan bayan an kama shi, aka ga wani bidiyo nasa. Ya yi magana a natse. Ya roƙi shugabannin ikkilisiya da gwamnan jiharsa su yi ƙoƙari a sake shi. Ya ce bai karai ba, domin duk halin da mutum ya shiga a hannun Allah yake. Ya ce da alherin Allah zai koma wurin matarsa da 'ya'yansa da abokan aikinsa, amma in ba a ba shi wannan dama ba, wataƙila nufin Allah ke nan. Sai ya roƙi jama'a su yi haƙuri, kada su yi kuka, su gode wa Allah a kan kome.

Ku lura, bai raina ransa ba. Yana so ya rayu, yana marmarin iyalinsa, ya kuma nemi taimako a fili. Amma bai ce wa Allah sai ka cece ni kafin in amince da kai ba.

2. Allah yana da iko, ko da bai yi yadda muka roƙa ba

Irin wannan amsa ce Shadrak, Meshak da Abednego suka ba Sarki Nebukadnezzar a bakin tanderun wuta. Sun shaida cewa Allahnsu yana da ikon kuɓutar da su, suka ƙara da cewa ko bai yi haka ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Lokacin da suke wannan magana ba su san yadda labarin zai ƙare ba.

Mu masu bi ne da suka gaskata da ikon Ruhu Mai Tsarki. Muna ɗora hannu a kan marasa lafiya, muna azumi, muna kwanan addu'a, mun kuma ga Allah yana amsawa. Kada mu daina. Dubban masu bi sun yi addu'a domin Rabaran Andimi, duk da haka bai dawo gida ba. Shin bangaskiyarsa ce ta kasa? Ko kaɗan. A cikin Ayyukan Manzanni sura 12, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, Bitrus kuwa mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku. Dukansu manzanni ne, Ubangijinsu ɗaya. Ibraniyawa sura 11 ma ta jera waɗanda suka tsere wa takobi da waɗanda takobi ya kashe, ta yaba musu duka saboda bangaskiya.

Ɗan'uwa, in bangaskiyarka tana tsaye ne a kan samun abin da ka roƙa kaɗai, ranar da amsa ta zo dabam za ka faɗi. Ka kafa ta a kan Yesu Almasihu wanda ya mutu ya tashi, wanda ya yi alkawarin rawanin rai ga mai aminci har mutuwa (Ru'ya ta Yohanna 2:10).

3. Tunawa ta gaskiya tana isa gidan fasto

A cikin wannan mawuyacin hali, matarsa da 'ya'yansa suna bakinsa. Wannan ya tuna mana cewa a bayan kowane fasto akwai iyalin da suke ɗaukar nauyin kiran tare da shi. Matar fasto ce take zaman jira in ya tafi bishara ƙauye. 'Ya'yansa ne suke haƙura in kuɗin makaranta ya makara.

A cikin 2 Sarakuna 4:1-7 matar wani annabi mai tsoron Allah ta zo wurin Elisha tana kuka. Mijinta ya rasu da bashi a kansa, mai bin bashin kuma yana shirin kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Elisha bai sallame ta da ta'aziyya kawai ba. Ya tsaya a kan maganar har aka biya bashin, ta sami abin da za su ci.

Mu fa? Ranar jana'iza majami'a takan cika, mawaƙa su yi waƙa, a yi alkawarai masu daɗi. Bayan 'yan watanni sai a turo sabon fasto, a ce gwauruwa ta tashi daga gidan ikkilisiya. Sau da yawa daga nan ba mai sake tambayar inda ta koma. Yakubu 1:27 ya nuna mana cewa kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu yana cikin ainihin ibada a gaban Allah. Ikkilisiyar da ta ci moriyar hidimar mutum, ta kuma manta da gidansa, ba ta tuna da shi ba tukuna.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace addu'a ce ka daɗe kana yi ba ka ga amsa ba? Za ka ci gaba da bin Yesu ko amsar ta zo dabam?
2. Wane bawan Allah ne ya fara koya maka Magana? Me ka ɗauka daga halinsa?
3. Akwai gwauruwar fasto ko marayunsa a gundumarmu? Wa zai ziyarce su a wannan mako, me kuma zumuntar mata, ta maza da ta matasa za su ɗauka a kansu kowane wata?

Addu'a

Ya Uba, mun gode maka saboda bayinka da suka riƙe sunanka har ƙarshe. Ka ta'azantar da iyalin Rabaran Andimi da dukan iyalan da suka rasa nasu saboda bishara. Ka taɓa zukatan masu tsananta wa ikkilisiyarka su tuba. Ka cika mu da Ruhunka domin mu tsaya, ko ka buɗe ƙofa ko ka ce mu jira. Ka buɗe hannuwanmu ga gwauraye da marayu. A cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.