Darasi na 14: Ƙazuwar Kyanwa da Sauran Ƙananan Dabbobin Gida

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibai za su iya bayyana abin da ke haddasa ƙazuwa a jikin dabba, su bambance kulawar gida mai amfani da mai cutarwa, sannan su gina jimlolin umarni da na hani.

Karatu

Kyanwa, wadda wasu ke kira mage ko mussa, tana cikin dabbobin da suka fi sabo da ɗan Adam. Tana korar ɓeraye daga rumbu da ɗakin ajiya, yara kuma suna jin daɗin wasa da ita. Ban da kyanwa, a gidaje da yawa ana kiwon zomaye da ɓerayen Masar. Duk waɗannan dabbobi akwai wata cutar fata da ke addabar su, wato ƙazuwa.

Wasu ƙananan ƙwari ne ke haddasa ƙazuwa, waɗanda girman kowannensu bai kai milimita ɗaya ba. Danginsu su ne kaska da gizo-gizo, domin idan sun girma ƙafafu takwas gare su. Da wuya a gan su da ido, sai da madubin likita. A shekarar 1687 ne wasu masana biyu na ƙasar Italiya, Bonomo da Cestoni, suka nuna cewa irin wannan ƙwaro ne ke jawo wa mutane ƙazuwa.

Iri biyu ne suka fi damun kyanwa. Na farko yana zama a cikin kunne, yana cin dattin kunne da maiƙon fata. Kyanwar da ta kamu da shi takan yawaita kaɗa kai da sosa kunne, a kuma ga wani baƙin datti mai kama da garin gawayi a cikin kunnuwanta. Na biyu kuwa haƙa rami yake yi a cikin fata, macen ta saka ƙwai a ciki. Yakan fara daga gefen kunne, ya bazu zuwa fuska da wuya. Gashi ya zube, fata ta yi kauri ta yi ɓawo, ƙaiƙayi ya hana dabba barci. Garin susa sai ta ji wa kanta ciwo, ƙwayoyin cuta su shiga, wurin ya zama gyambo.

Zomo ma yana da nasa ƙwaron kunne, mai tara ɓawo mai kauri kamar busasshen ganye. Shi kuwa ɓeran Masar, ƙaiƙayin kan tsananta masa har ya riƙa faɗuwa kamar mai farfaɗiya.

Cutar tana yaɗuwa ne ta hanyar cuɗanya, musamman daga uwa zuwa 'ya'yanta, ko ta wurin kwana. Daga ƙwai zuwa cikar girman ƙwaron akan ɗauki kimanin mako uku. Wannan ne ya sa dabba kan samu sauƙi bayan an yi mata magani, sannan cutar ta dawo: manyan ƙwarin sun mutu, amma ƙwayayen da suka bari sun ƙyanƙyashe. Mutumin da ke yawan ɗaukar dabba mai ƙazuwa kan sami ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu, sai dai sukan ɓace idan dabbar ta warke.

To, me mai dabba zai iya yi a gida? Abu na farko shi ne tsafta. A wanke tsumman da dabba ke kwana a kai da ruwan zafi da sabulu, a shanya shi a rana mai ƙarfi. A share kejin zomaye, a ƙone tsohuwar ciyawar da aka shimfiɗa musu. Na biyu shi ne abinci, domin fatar dabbar da ke ƙoshi ta fi saurin warkewa. Kyanwa tana bukatar nama ko kifi, tuwo kaɗai ba ya riƙe ta. Ɓeran Masar yana bukatar ɗanyen ganye kullum, saboda jikinsa ba ya iya samar da sinadarin bitamin C. Na uku, ana iya jiƙa auduga da ruwan ɗumi a goge bakin kunne a hankali, a kuma shafa ɗan man kaɗanya ko man zaitun a kan busasshiyar fata don ta yi laushi. Kada a ɓamɓare ɓawon kunnen zomo, domin akwai ɗanyen ciwo a ƙarƙashinsa. Da kansa zai zube idan ƙwarin sun mutu.

Sai dai wajibi ne a san iyakar wannan kulawa. Mai yana sanyaya fata, amma ba ya kai wa ga ƙwaron da ya shige cikinta. Haka kuma ba duk abin da aka samo daga tsiro ne ke da lafiya ga dabba ba. Kyanwa tana lasar jikinta kullum, don haka duk abin da aka shafa mata, cikinta zai ƙare. Tafarnuwa da albasa suna lalata jinin kyanwa. Baƙin mai da kananzir da maganin feshin gona, waɗanda wasu ke shafa wa dabba da kyakkyawar niyya, suna ƙona fata, suna kuma iya kisa. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tak tana iya halaka kyanwa. Akwai maganin kaska na karnuka da ke zama guba ga kyanwa, akwai kuma na kyanwa da ke zama guba ga zomo.

Saboda haka, da zarar an ga alamun ƙazuwa, sai a garzaya wurin likitan dabbobi. Zai kankaro ɗan ɓawon fata ko ya ɗebi dattin kunne ya duba a madubi, domin makero ma yana zubar da gashi, alhali maganinsa daban ne. Cikin magungunan da likita kan bayar akwai ruwan farar wuta da aka haɗa musamman don wankan dabbobi, da kuma aibamektin. An samo aibamektin ne daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasa a Japan, kuma masanan da suka gano shi, Satoshi Omura da William Campbell, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2015. Shi ne maganin da ake raba wa jama'a a Nijeriya don yaƙi da makantar da ƙudan rafi ke jawowa. Likita ne kaɗai zai auna adadin da ya dace da nauyin dabba. A cika kwanakin magani ko da an ga sauƙi, a kuma duba sauran dabbobin gidan, domin Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sababbin Kalmomi

ƙaiƙayi: abin da ake ji a fata har a so yin susa
ɓawo: busasshen abu mai tauri da ke rufe ciwo
gyambo: ciwon da ya daɗe bai warke ba
cuɗanya: haɗuwar jiki da jiki ko zama tare
makero: cutar fata mai yin zobe-zobe tana zubar da gashi
garzaya: tafi da sauri

Tambayoyi

1. Mene ne ke haddasa ƙazuwa?
2. Kawo alamu biyu na ƙwaron kunne a jikin kyanwa.
3. Me ya sa cutar kan dawo bayan an sami sauƙi?
4. Don me abin da aka shafa wa kyanwa yake iya cutar da cikinta?
5. Bayyana ma'anar karin maganar da ta rufe karatun.

Nahawu: Umarni da Hani

Idan ba a nufi wani mutum takamaimai ba, umarni yakan fara da "a", hani kuma da "kada a".

A wanke tsumman kyanwa.
Kada a shafa mata baƙin mai.

Mayar da waɗannan jimloli zuwa hani:

1. A ba zomo maganin kare.
2. A ɓamɓare ɓawon kunne.
3. A daina magani kafin lokaci.

Rubuta jam'in waɗannan kalmomi: kyanwa, zomo, kare, ƙwaro, kunne.

Aikin Gida

Ka rubuta ko ki rubuta wa aboki wasiƙa mai jimloli goma, a ba shi shawara game da zomonsa da ke fama da ƙaiƙayin kunne. A kuma tambayi wani mai jin Hausa ma'anar "kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi", a kawo amsar aji.