Darasin lafiya: Ciwon baya da ciwon agara, kada mu daɗe a kwance

Ƴan'uwa maza da mata, idan ruwan shuka ya sauka kowa ya san aiki ya zo. Kwanakin noman farko kaɗan ne. Wanda ya kwanta sati biyu a lokacin nan, ciyawa ta cinye masa hatsi. Ko kuma ya sayar da akuya ya biya ƴan ƙodago. Sau da yawa abin da ke kwantar da manomi ciwon baya ne, ko ciwon kafaɗa, ko ciwon agara.

Wannan ciwo yana ko'ina cikin jihar Maraɗi. Yana kama mai noman gero a Tsibiri. Yana kama mai lambun zogale a Jiratawa. Yana kama ɗan dako a babbar kasuwar Maraɗi, da ɗan kabu-kabu, da tela. Yana kama mace mai daka, mai jan guga, mai goyo.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙugu a duniya. Ta ce babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki.

A darasin yau za mu ga inda ciwon yake fitowa, da abin da masu bincike suka gano, da abin da za mu yi a gida, da lokacin da ya wajaba mu tafi likita.

1. Mu san jikinmu

Babban mutum yana da ƙashi 206. Yana da tsoka fiye da 600. Ƙashi ba ya motsi da kansa, tsoka ce take jan shi.

A Hausa kalmar jijiya tana da ma'ana uku. Akwai jijiyar jini, wadda jini yake bi. Akwai jijiyar ji, wadda take kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Akwai kuma jijiya mai tauri, wadda take ɗaure tsoka da ƙashi. Wannan ta uku ita ce muke magana a kanta.

Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya gan ta. Fara ce, tana da tauri kamar igiya. Wadda ta fi girma a jikinmu ita ce agara. Ku kai hannu bayan ƙafarku, sama da dunduniya, za ku ji ta.

Ku lura da wannan: tsoka ja ce, don jini yana shiga cikinta da yawa. Agara fara ce, don jinin da yake kai mata kaɗan ne. Shi ya sa tsoka take warkewa cikin kwanaki ko ƴan satuttuka, amma agara sai ta ɗauki watanni. Mai ciwon agara yana bukatar haƙuri.

2. Mi ke kawo ciwon?

Abu na farko: aiki mai yawa farat ɗaya. Mu ɗauki manomin tudu a ƙasar Tsibiri. Da rani aikin gona ya ragu. Jiki ya manta da hauya. Ruwa yana sauka, sai ya duƙa tun asuba har azahar, kwana bayan kwana. Tsoka da jijiya ba su shirya ba. Sai ƙugu ya riƙe.

Abu na biyu: aiki iri ɗaya ba hutu. Mu ɗauki filin noman rani na Jiratawa, wanda aka gyara a farkon shekarun 1980, ƙarƙashin kulawar ONAHA. A can aiki ba ya yankewa, damina da rani. Dashe, cire ciyawa, ban ruwa, tsinkar zogale, duk a duƙe ake yin su. Haka mai daka take ɗaga taɓarya sau ɗari-ɗari kowace rana. Jijiyar kafaɗa da ta gwiwar hannu sai su gaji.

Abu na uku: kaya fiye da ƙarfi. Buhun hatsi kilo 100 ba kayan mutum ɗaya ba ne. Bidon ruwa mai lita 25 yana da nauyin kilo 25. Ba kayan ƙaramar yarinya ba ne.

Abu na huɗu: zama wuri ɗaya. Tela da direba ba sa ɗaukar buhu, amma bayansu yana ciwo, don jiki ba ya son tsayawa a hali ɗaya yini guda.

3. Abin da masu bincike suka gano

Akwai ma'aikatan lafiya da aikinsu shi ne gyaran jiki ta hanyar motsi, da tausa, da gashi. A asibitocin ƙasarmu ana kiran irin wannan ma'aikaci kine. Su da likitoci sun yi bincike mai yawa. Ga guda uku.

Bincike na farko, a kan ciwon baya. An buga shi a shekarar 1995. An yi shi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan. An ɗauki mutum 186 da ciwon ƙugu ya kama su ba da daɗewa ba. Aka raba su kashi uku. Kashi na farko aka ce su kwanta kwana 2. Kashi na biyu aka ba su motsin baya na musamman. Kashi na uku aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon abin da za su iya. Aka duba su bayan sati 3, aka sake dubawa bayan sati 12. Waɗanda suka ci gaba da harkokinsu su suka fi saurin samun sauƙi. Waɗanda suka kwanta su suka fi daɗewa.

Bincike na biyu, a kan agara. An buga shi a shekarar 1998. Wani likita mai suna Alfredson ya yi shi tare da abokan aikinsa a ƙasar Suwidin. Sun ɗauki mutum 15 masu wasan gudu, waɗanda ciwon agara ya daɗe yana damunsu har ya hana su gudu. Aka koya musu motsi guda: su tsaya a bakin matakala, su riƙa sauke dunduniya a hankali. Suka yi haka safe da yamma har sati 12. Dukansu 15 suka koma gudunsu.

Bincike na uku, a kan gwiwar hannu. An buga shi a shekarar 2006, a ƙasar Ostareliya aka yi shi, da mutum 198. Waɗansu aka yi musu allurar kotizon a wurin ciwon. Waɗansu aka haɗa su da kine. Waɗansu aka ce su jira. A sati 6 na farko masu allura sun fi kowa jin daɗi. Amma daga baya ciwon ya dawo wa mafi yawansu. Masu motsi tare da kine sun fi su samun sauƙi mai ɗorewa.

Darasin da ke cikin binciken nan uku ɗaya ne. Tsoka da jijiya suna ƙara ƙarfi idan ana ba su aiki daidai gwargwado. Idan an bar su a kwance sai su yi rauni. Idan an ɗora musu fiye da kima sai su yi ciwo. Mai shanun noma ya san wannan. Ba ya kai sabon sa gona yini guda tun ranar farko. Ba ya kuma barin sa a turke har damina.

4. Abin da za mu yi a gida

Kafin damina: mu fara aiki da sauƙi tun da wuri. Sharar gona, kai taki, gyaran shinge. Ranar farko ta noma kada ta zama ranar gasa. Mu ƙara aiki kaɗan-kaɗan.

A lokacin aiki: mu riƙa miƙewa. Idan mun kai ƙarshen kuyya, mu tsaya, mu dafa ƙugu, mu ɗan lanƙwasa baya. Inda ƙasa jigawa ce, hauyar tsaye tana hutar da baya fiye da hauyar duƙe. Mata su riƙa karɓa-karɓa wajen daka da jan guga. Tela da direba su tashi su taka bayan kowace awa.

Wajen ɗaukar kaya: mu matso da kaya kusa da jiki. Mu lanƙwasa gwiwa. Kada mu juya ƙugu da kaya a hannu, mu juya ƙafafu. Babban buhu, mutum biyu. Inda akwai amalanke, a bar mata nauyin.

Idan ciwon baya ya kama mu: mu rage aiki mai nauyi na ƴan kwanaki. Amma mu tashi mu yi tafiya, ko da daga gida zuwa bakin kasuwa ne. Gashi da tsumma da ruwan ɗumi yana taimakawa. Ruwan kada ya yi zafin da zai ƙona fata. Wajen barci, mu kwanta ta gefe, mu sa matashi tsakanin gwiwoyi. Mafi yawan ciwon baya yana sauƙi cikin sati 6.

Idan agara ce ta daɗe tana ciwo, ga motsin da aka gwada:

Ɗaya: ka tsaya a bakin dakali ko a kan bulo, dunduniya a waje. Ka dafa bango.

Biyu: ka ɗaga jikinka sama a kan yatsun ƙafa biyu.

Uku: ka ɗage ƙafa mai lafiya, ka sauke dunduniyar mai ciwo a hankali, a hankali.

Huɗu: ka mai da ƙafa mai lafiya, ita za ta sake ɗaga ka.

Ka fara da kaɗan, kamar sau 10. Ka riƙa ƙarawa sati bayan sati. Ɗan ciwo kaɗan lokacin motsi ba laifi ba ne. Amma idan gari ya waye ciwon ya ƙaru, to ka yi yawa, sai ka rage. Idan ciwon yana daidai inda agara ta haɗu da dunduniya, ka yi motsin a kan ƙasa, ba a bakin dakali ba. Sannu ba ta hana zuwa.

5. Hattara da ƙwayoyin tebur

Mutane da yawa suna sayen tramol don su iya aiki. Tramol ba ya gyara tsoka, ba ya gyara jijiya. Rufe ciwon kawai yake yi. Mutum ya ci gaba da ɗora wa jikinsa nauyi bai sani ba. Daga baya ya kasa rabuwa da ƙwayar. Yawan shan ta yana kawo suma da jijjiga, har mutuwa.

Akwai kuma ƙwayoyin ciwon jiki irin diklofenak da ibuprofen. Idan aka daɗe ana shan su suna ɓata ciki da ƙoda. Mace mai ciki kada ta sha su sai da izinin ma'aikacin lafiya. Kada mu bari kowa ya yi mana allura a kasuwa ko a zaure. Kada mu yarda a tsaga mana gaɓa mai kumburi, don ƙazanta tana shiga ta nan.

6. Yaushe za mu tafi likita?

Ba kowane ciwon baya ne na gajiya ba. Idan kun ga ɗaya daga cikin alamomin nan, ku tafi gidan likita ba tare da jira ba:

Fitsari ko bayan gida ya riƙe, ko yana zuwa ba da sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu.

Ƙafa ta yi rauni, mutum yana jan ta.

Ciwon baya tare da zazzaɓi, da rama, da gumin dare. Ciwon tibi yana iya kama ƙashin baya, kuma yana da magani.

Ciwo bayan faɗuwa daga itace, ko amalanke, ko babur.

Mutum ya ji kamar an buge shi da sanda a agara, sannan ya kasa tsayawa a kan yatsun ƙafar. Mai yiwuwa agara ta tsinke. Wannan ba na motsin dakali ba ne.

Gaɓa ta kumbura, ta yi zafi, musamman ga yaro.

Ciwon da ya wuce sati 6 bai ragu ba.

Hannu ko ƙafa ba ya jin taɓi, tare da tabo mai haske a fata. Wannan yana iya zama farkon kuturta, wadda take kama jijiyar ji. Tana warkewa da magani, kuma maganinta kyauta ne. Asibitin Danja, kudu da Maraɗi, ya daɗe yana kula da masu ita.

Ku fara da gidan likita mafi kusa da ku. Ma'aikacin lafiya zai duba ku. Idan ya ga ya kamata, zai ba ku takarda zuwa babban asibitin Maraɗi. Ku tambaye shi inda za ku samu kine.

7. Mu tuna

Tsoka tana jan ƙashi, jijiya tana ɗaure su.

Doguwar kwanciya tana jinkirta warkewar baya.

Agara tana warkewa da motsi a hankali, cikin watanni.

Ƙwaya tana rufe ciwo, ba ta gyara jiki.

Alamar haɗari, a tafi likita a ranar.

Tambayoyi

1. Jijiya iri nawa ce a jikinmu? Ku faɗi aikin kowace.
2. Mi ya sa agara take daɗewa ba ta warke ba?
3. A binciken Finlan, wane kashi ne ya fi saurin samun sauƙi?
4. Ku rubuta alamomi uku da suke cewa a tafi likita.
5. A garinku, wane aiki ne ya fi kawo wa mata ciwon jiki? Wace dabara za ku yi ku rage shi?

Lissafi

A binciken Suwidin, kowane mutum yana sauke dunduniya sau 15, ya huta, ya sake, har zagaye 3, gwiwa a miƙe. Sannan ya yi kamar haka da gwiwa a lanƙwashe. Yana yin wannan duka safe da yamma. Sau nawa yake sauke dunduniya a rana ɗaya? Sau nawa a sati ɗaya?

Wanda ya karanta darasin nan ya karanta wa maƙwabcinsa, ya karanta wa matan gida. Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.