Makunnin Motar Shiga Daji: Yadda Ake Gano Cutarsa Da Maganinta

Gabatarwa

Tun ranar 3 ga Fabrairu, 1976, da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta ƙirƙiri Yankin Babban Birnin Tarayya, motocin shiga daji suke ɗauke da babban rabo na aikin wannan yanki. Su ne suka kai masu safiyo da injiniyoyi wuraren da babu hanya, kafin a mayar da mazaunin gwamnati daga Legas zuwa Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991. Tsakiyar birnin dai ta sami kwalta, amma a ƙananan hukumomin Kuje, da Kwali, da Abaji, da Bwari, da Gwagwalada akwai ƙauyuka masu yawa da ba a kai musu sai ta hanyar burji ko ta laka. Malamin asibiti mai kai allurar rigakafi, da malamin gona, da manomi mai fito da doya kasuwa, da yawansu tsohuwar motar jif suke dogara da ita.

Irin waɗannan motoci sun tsufa. Land Rover samfuri na uku an ƙera shi ne daga 1971 zuwa 1985, Toyota Land Cruiser samfurin 40 kuwa daga 1960 zuwa 1984. Injinsu na da juriya ƙwarai, amma kayan wutarsu sun sha zafi, da ƙura, da jijjiga na shekara da shekaru. Cikin kayan nan, wanda ya fi ba direbobi wahala shi ne makunni, watau wurin nan da ake zura makulli a murɗa, wanda makanikai ke kira suwic. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa mai mota da direba yadda za su bi cutar daki-daki, don kada a yanke wa makunni hukunci alhali laifin na wani ne, kada kuma a riƙa haɗa waya da waya a maimakon gyara na gaskiya.

Aikin makunni

Makunni kamar mai gadin ƙofa yake tsakanin batir da sauran sassan mota. Kashi biyu ne. Kashi na farko shi ne kwaɗon da makulli ke shiga, wanda a motoci da yawa yake haɗe da abin da ke kulle sitiyari. Kashi na biyu yana bayan kwaɗon, shi ne ɗan akwatin wuta mai ɗauke da ƙananan faifan tagulla waɗanda ke haɗuwa su rabu yayin da aka murɗa makulli. Kowane ɗaya yana iya lalacewa shi kaɗai, kuma a motoci da dama ana iya canja na bayan ba tare da an taɓa kwaɗon ba.

Galibin makunnai mataki huɗu ne da su. Na farko shi ne kashewa da kullewa. Na biyu yana ba rediyo da makamantansa wuta. Na uku yana ba kwayil wuta, da fitilun da ke gaban direba. Na huɗu shi ne na tayarwa, wanda ke aika wuta zuwa solinoid, watau ƙaramin makunnin maganaɗisu da ke haɗa batir da kik. Da zarar inji ya tashi, direba ya saki makulli, sai sifirin da ke ciki ya mayar da shi mataki na uku. A motocin dizal akwai kuma matakin hita, mai ɗumama injin kafin a tayar.

Abubuwan da ke lalata shi

Na farko shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na cika kwaɗon da ƙura mai laushi, idan kuma an ɗiga masa baƙin mai sai ta cakuɗe ta zama kamar kwaɓaɓɓen yumɓu, makulli ya riƙa cijewa. Na biyu shi ne laima. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa na shiga motocin da rufinsu na tamfol ne, tagullar ta yi kore, wuta ta kasa wucewa sosai. Na uku shi ne lodi. Masu mota kan ƙara manyan fitilu, da fanka, da oda mai ƙarfi, a jona su duka ta kan makunni, alhali ba a ƙera shi don ɗaukar wannan nauyi ba. Faifan tagullar sai su yi zafi, su ƙone, robar da ke riƙe da su ta narke.

Na huɗu shi ne nauyin makullai. Direba kan rataya makullan gida, da na shago, da na sito a zobe ɗaya da na mota. A hanya mai gargada wannan nauyi yana ta lilo yana cin kwaɗon, wani lokaci ma ya murɗa makullin ya kashe inji ana cikin tafiya. Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. A shekarar 2014 kamfanin General Motors na Amurka ya janye ƙananan motoci kimanin miliyan 2.6 saboda makunninsu na iya kuɓucewa daga matakin tafiya idan makulli ya yi nauyi ko mota ta faɗa rami, kuma asusun diyya da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124 a dalilin haka. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Shiri kafin a fara bincike

Lalle ne a tsayar da mota a wuri mai lebur, a sa giya a firi, a ja burkin hannu, a sa wa taya weji. Mai aikin ya cire zobe da agogon ƙarfe, domin idan suka haɗa waya mai wuta da jikin mota suna iya yin ja wur su ƙona shi. Kayan aiki ba su da yawa: sukundireba, da sifana, da fitilar gwaji. Ita fitilar gwaji ƙwan fitila ne mai bolt 12 da aka ɗaura wa waya biyu. Ana manna ɗaya a jikin ƙarfen mota, a taɓa wurin da ake tuhuma da ɗayar. In ƙwan ya kama, akwai wuta a wurin. Wanda ke da mitar auna wuta ya fi samun tabbaci. A lura cewa wasu Land Cruiser na dizal bolt 24 suke amfani da shi, saboda haka ƙwan bolt 12 zai ƙone a jikinsu.

Matakan bincike

Mataki na ɗaya, batir. Sau da yawa motar da aka ce makunninta ya mutu, batirinta ne ya yi sanyi ko kan batir ya yi gishiri. A kunna manyan fitilu, a murɗa makulli zuwa tayarwa. Idan fitilun suka dushe ƙwarai ko suka mutu, makunni ya yi aikinsa, laifin na batir ne, ko kan batir, ko kik da ya cije. Batir mai cikakken caji yakan nuna wajen bolt 12.6 in mota na kashe, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da kimanin bolt 10 ba lokacin da kik ke juyawa. A duba kuma wayar at, wadda ta haɗa batir da jikin mota da inji, domin tsatsa kan ci ta a inda aka ɗaure ta.

Mataki na biyu, wutar da ke shiga makunni. Idan fitilu ba su dushe ba, kuma ba a ji motsin komai ba, sai a buɗe bayan makunni. A motocin Ingila masu kayan wuta na Lucas launin waya yana da ma'ana. Mai ruwan ƙasa ita ce ke kawo wuta daga batir, kuma kullum da wuta a jikinta. Fara ita ce ke zuwa kwayil. Fara mai ratsin ja ita ce ke zuwa solinoid. Motocin Japan launinsu dabam ne, haka kuma tsohuwar motar da ta sha hannun masu gyara, don haka a bi wayar da ido a ga inda ta nufa. Idan wayar da ke kawo wuta ba ta kunna fitilar gwaji ba, cutar tana tsakanin batir da makunni, watau waya ta tsinke, ko mahaɗa ta saki, ko babban fis ya ƙone.

Mataki na uku, wutar da ke fita. A murɗa makulli zuwa mataki na uku, a gwada wayar kwayil. Sa'an nan wani ya riƙe makulli a matakin tayarwa, a gwada wayar solinoid, a sake gwada ta kwayil a lokaci guda, domin dole ne kwayil ya ci gaba da samun wuta yayin da kik ke juyawa. Idan wuta na shiga makunni amma ba ta fita, to, an kama mai laifi. Idan tana fita amma ƙwan yana ƙifta ido in an girgiza makulli, faifan tagullar sun cinye. Mai mita zai iya auna tsakanin shiga da fita. In bambancin ya wuce rabin bolt, makunnin ya fara ƙonewa.

Mataki na huɗu, solinoid da kik. Idan wuta na fita daga makunni, a bi wayar zuwa solinoid a sake gwadawa a can. In ta isa, ana jin ƙas amma kik bai juya ba, laifin na solinoid ne ko na kik. In ba ta isa ba, wayar ce ta tsinke a hanya. A nan makunni ya kuɓuta, sayen sabo asarar kuɗi ne.

Wasu alamu na musamman

Akwai motar da kan tashi muddin ana riƙe da makulli a matakin tayarwa, da an saki sai ta mutu. A motocin fetur da ke da ɗan abin rage wuta kafin kwayil, wanda ake kira balas, wannan alama ce ta cewa shi ne ya ƙone, ko kuwa faifan mataki na uku na makunni. A gwada wayar kwayil a bakin makunni. In akwai wuta, a koma kan balas.

Akwai kuma motar da kik ɗinta ke ci gaba da kuka bayan inji ya tashi. Ko dai sifirin makunni ya karye, ko solinoid ya manne. A kashe nan take, in ya ƙi a cire kan batir, domin kik zai ƙone kuma haƙoran falawul su lalace.

Motar da aka zare wa makulli ta ƙi mutuwa kuwa, sau da yawa wani ne ya taɓa jona waya ta bayan makunni. Amma a tuna cewa tsofaffin Land Rover na dizal da wayar ja ake kashe su, makulli ba ya tsayar da injinsu.

Idan makulli ya ƙi murɗuwa sam, a girgiza sitiyari hagu da dama ana murɗawa a hankali, domin sau da yawa abin kulle sitiyari ne ya ɗaure. Kada a sa filaya, makullin zai karye a ciki. A hura ƙurar, a goga wa makullin bakin fensir, a zura a zare sau da yawa. Garin bakin fensir yana sa santsi kuma ba ya tara ƙura.

Haɗarin haɗa waya

Al'ada ce da ta yaɗu, idan makunni ya fara gardama, a fizgo wayoyin a fere su, a riƙa haɗawa da hannu kullum safiya. Wannan dabara ce ta fita daga daji kawai, kuma aikin mai waya ne da ya san abin da yake yi. Wayar da ke kawo wuta daga batir a tsofaffin motoci da yawa ba ta da fis. In ta taɓa ƙarfe, cikin ɗan lokaci sai roba ta kama, kuma a Land Rover na da tankin fetur yana ƙarƙashin kujera ne. Har ila yau, idan aka manta wayar kwayil a haɗe inji na kashe, kwayil zai yi zafi, kwantak ya ƙone, batir ya ƙare. Mafi muni shi ne a tayar da mota ta haka alhali sitiyari yana iya kullewa, domin a kwanar farko zai iya cijewa. Motar da injinta ya mutu a gangara kuma, in burkinta mai neman taimakon inji ne, zai yi tauri bayan an taka shi sau biyu ko uku.

Canja makunni da kiyaye shi

Kafin a kwance komai a cire kan batir na at, wanda a yawancin motoci shi ne mai alamar ragi. Land Rover da aka ƙera kafin 1967 akasin haka suke, in ba a riga an juya su ba. A ɗaura wa kowace waya alama kafin a zare ta. A tafi da tsohon makunnin kasuwar kayan mota, kamar ta Apo a Abuja, a kwatanta yawan ƙafafunsa da matakansa, domin na dizal da na fetur ba ɗaya ba ne. A guji mai arha marar nauyi a hannu, araha ba ta ado. A sa mai waya ya raba ƙarin fitilu da fanka daga makunni, ya bi da su ta rile da fis nasu na kansu. Makullin mota ya zauna shi kaɗai a zobensa, a kuma yanka na ajiya tun na farko bai gama cinyewa ba, domin wanda aka kwafa daga cinyayyen makulli cinyayye zai fito.

Direban da zai tashi zuwa Rubochi, ko Yaba, ko Kawu da damina, kamata ya yi ya gwada makunninsa tun a gida, ya kuma riƙe fitilar gwaji da fis na ajiya a cikin mota. Direbobin motocin gwamnati su kai rahoton duk wata gardamar makulli ga jami'in sufuri tun ranar da ta fara, a rubuta a littafin mota, a gyara kafin a sake ba motar aikin daji.

Tambayoyin bita

1. Mene ne kashi biyu na makunni, kuma mene ne aikin kowane?
2. Idan manyan fitilu suka dushe lokacin da aka murɗa makulli, ina ya kamata a fara dubawa?
3. Me ya sa ba a ɗiga wa kwaɗon makunni baƙin mai?
4. A kawo haɗari uku da ke tattare da tayar da mota ta hanyar haɗa waya.